Jaririna ba ya barci sai rub da ciki, yaya zan yi da shi da dare?

Sabuwar Maijego ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jarirai. Yarona satinsa tara, lafiyarsa ƙalau, yana shan nono sosai, nauyinsa ma yana ƙaruwa. Barci ne matsalarmu. In na kwantar da shi a rigingine, ko minti goma ba ya yi sai ya zabura, ya watsa hannuwa, ya fashe da kuka. Amma in yana kan ƙirjina rub da ciki sai ya yi luf, ya yi awa biyu ko motsi babu. Shekaranjiya da rana na gwada kwantar da shi rub da ciki a gadonsa ina zaune ina kallonsa, ya yi barcin da bai taɓa yin irinsa ba.

A asibiti an ce mini rigingine kawai. Wasu kuma cewa suke rigingine ne ke sa yaro ya ƙware da tumbuɗi, shi kuwa kusan duk shan nono sai ya yi tumbuɗi. Bai fara juyi da kansa ba, amma yana ɗan ɗaga kai. To tunda yana ɗaga kai, zan iya barinsa rub da ciki da dare? In ba zai yiwu ba, me zan yi ya saba? Kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki.

Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, sannu da rashin barci. Amsar tambayarki ta farko a'a ce. Kada ki kwantar da shi rub da ciki, dare ko rana, ko da kina zaune a gefensa, domin abin da ake gudu ba ya zuwa da kuka ko shure-shure da za ki lura.

Wannan barci mai nauyi da ya burge ki, shi ne ainihin hatsarin. Jariri in yana rub da ciki barcinsa kan yi zurfi, ba ya saurin farkawa. Saurin farkawar nan kuwa, duk da ita ke wahalar da ke, kariya ce a gare shi: da zarar iska ta yi masa kaɗan sai ƙwaƙwalwa ta tashe shi, ya motsa, ya juya kai, ya yi kuka. In fuskarsa na kusa da katifa, iskar da ya fitar tana taruwa a ɗan wurin da hancinsa ya lotsa, sai ya dinga maimaita shaƙar ta, mai amfanin tana raguwa, gurɓatacciyar tana ƙaruwa, ga shi barcin ya yi nauyin da ba zai tashe shi ba. Ga kuma zafi. Ta kai da fuska jariri ke fitar da zafin jiki mai yawa, in aka kifa shi an rage masa wannan hanya.

Batun ɗaga kai kada ya ruɗe ki. Ɗan sati tara yana ɗaga kai na 'yan daƙiƙu ne lokacin da yake farke. Cikin barci wuyan sakewa yake yi, zai iya kifa fuska ya kasa juyar da ita.

Mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SIDS, ta fi yawa tsakanin wata 2 da wata 4, kuma kusan tara cikin goma kafin wata 6 suke faruwa. Yaronki yanzu yake shiga wannan tsakani. A 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 aka fara gangamin wayar da kai a ƙasar, cikin shekara goma mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Birtaniya ta fara nata gangamin a 1991, ita ma ta ga raguwa mai yawa. Wani abin da ya kamata kowa a gidan ya sani: yaron da ya saba da rigingine, ranar da wani ya kwantar da shi rub da ciki hatsarinsa ya ninka na wanda ya saba da rub da ciki. Saboda haka duk wanda zai riƙe miki shi, ki faɗa masa ƙarara.

Sai maganar ƙwarewa, wadda ita ke hana iyaye da yawa sakin jiki da rigingine. Ki taɓa gaban wuyanki, abin da kika ji mai tauri hanyar iska ce, hanyar abinci tana bayanta. In yaro yana rigingine, hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa. Tumbuɗi in ya taso, a ƙasa yake zama, yaron ya haɗiye shi ko ya fito ta gefen baki. In aka kifa shi sai abin ya juye, hanyar abinci ta koma sama, nonon da ya taso ya gangaro bakin hanyar iska. Lafiyayyen jariri yana da tari da haɗiya da ke kare shi ko yana barci, kuma ƙasashen da suka koma rigingine ba su ga ƙaruwar mutuwa ta ƙwarewa ba.

Shimfiɗarsa kuma ki duba ta yau. Katifa ta zama mai tauri, a miƙe, in kin danna da tafin hannu kin ɗaga ta dawo nan take ba ta bar rami ba. Tsakanin katifa da jikin gado kada yatsu fiye da biyu su shiga. In gadon mai sanduna ne, tazararsu kada ta wuce santimita 6. Zanen gado ɗaya da ya kama katifar tsam, shi ke nan. Ba filo, ba bargo mai kauri, ba 'yar tsana, ba abin da ake zagaye gefen gado da shi. Gadon ya zauna a ɗakin da kike kwana, inda hannunki zai kai, aƙalla har wata 6.

Barcin da yake yi a ƙirjinki babu laifi muddin idonki biyu, kina ganin fuskarsa, hanci da baki a buɗe.

Ma'aikacin Jinya na Sashen Yara ya amsa:

Malama, abin da Anti Ungozoma ta faɗa haka yake, ni zan tsaya kan yadda za ki sa ya yarda da rigingine. Ki fara da gane abin da yake samu in yana rub da ciki: hannuwansa a danne ba sa watsuwa, cikinsa da ƙirjinsa suna jingine da wani abu, ga ɗumi. Waɗannan za ki mayar masa ta hanyar da ba hatsari.

Zaburar da kika kwatanta, hannuwa su buɗe, yatsu su baje, sannan ya dawo da su ya yi kuka, halitta ce da ake haihuwar kowane jariri da ita. Tana tashi duk lokacin da ya ji kamar zai faɗi, musamman in kansa ya yi baya kwatsam, kuma tana gushewa tsakanin wata 3 da wata 6. Naɗewa tana rage ta. Ki sami ƙyalle na auduga mara kauri, mai kusurwa huɗu, kamar mita ɗaya kowane gefe. Ki shimfiɗa, ki ninke kusurwa ɗaya zuwa ciki, ki kwantar da shi kafaɗunsa daidai bakin ninkin, wuya da kai a waje. Ki kwantar da hannunsa ɗaya a jikinsa, ki jawo gefen ƙyallen ta kan ƙirjinsa ki cusa ƙarƙashin bayansa, ki ɗago na ƙasa, sannan ki yi wa ɗaya hannun haka. A ƙirji, yatsunki biyu ko uku su iya shiga. In ya fi haka matsewa zai takura numfashi, in ya yi sako-sako zai warware ya hau fuska. Daga ƙugu zuwa ƙasa a bar shi sakayau, ƙafafu su iya lanƙwashewa su buɗe irin na kwaɗo. Miƙar da ƙafafu a ɗaure su tam yana iya ɓata zaman ƙashin kwatangwalo.

Sai dai a sati tara lokacin naɗewa ya kusa ƙarewa. Ranar da kika ga yana tura jiki gefe, yana ɗaga kafaɗa ɗaya, ranar za ki daina, domin naɗaɗɗen yaro in ya kife ba shi da hannun da zai ɗaga kansa. Galibi wata 3 zuwa 4 ne, wasu tun wata 2. In ya riga ya fara, ki wuce naɗewa ki koma jakar barci mara hannu, wato rigar barcin jarirai da aka rufe ƙasanta kamar jaka, wadda wuyanta ya yi masa daidai yadda kansa ba zai zame ciki ba. Wadda aka sa wa nauyi a ƙirji kada ki yi amfani da ita.

Yanzu saukewar kanta, inda aka fi samun matsala. Masana a cibiyar RIKEN ta Japan sun wallafa wani ɗan ƙaramin bincike a 2022 da ya nuna cewa ɗaukar jariri mai kuka ana tafiya da shi minti 5 ba tsayawa, sannan a zauna da shi minti 5 zuwa 8 bayan ya yi barci kafin a kwantar, yana rage farkawa. Wasu yaran sai an kai minti 15 ko 20. Ki gwada da hannunsa: ki ɗaga kaɗan ki saki, in ya faɗi lagwaf barci ya kama, in ya janye ki ƙara jira. Da za ki sauke shi, ki sunkuya da shi manne da ƙirjinki har kusa da katifa, kada ki miƙa shi da hannu daga nesa. Ɗuwawu su fara sauka, sai baya, kai a ƙarshe. Kada ki zare hannu nan take. Ki bar tafin hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗayan ya riƙe hannuwansa, kina ɗan yi masa "shhh" kusa da kunne minti ɗaya ko biyu, sannan ki janye a hankali. In zanen gadon da sanyi, ki murza shi da tafin hannu kafin ki kwantar.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne saurin ɗauka. Kusan rabin barcin ɗan wannan shekaru barci ne mara nauyi: nishi, mutsu-mutsu, ido na rawa ƙarƙashin fata, wani lokaci ɗan kuka guda ɗaya, alhali bai farka ba. Zagayen barcinsa minti 50 zuwa 60 ne, a ƙarshen kowane zagaye sai ya yi wannan motsi. In ido a rufe yake, ki ɗora hannu ki jira minti ɗaya. In ya buɗe ido yana kuka sosai, ki ɗauke shi ki rarrashe shi, ki sake kwantarwa. Ɗan sati tara ba a barinsa ya yi ta kuka wai don ya koya.

Tunda mai tumbuɗi ne, ki sa shi gyatsa a tsakiyar shan nono da kuma ƙarshe, sannan ki riƙe shi a tsaye a kafaɗarki minti 20 zuwa 30. Wani lokaci abin da ke sa yaro ƙin rigingine iska ce a ciki. Kafin wanka ko canjin kunzugu na ƙarshe ki kama ƙafafunsa ki juya su kamar mai tuƙa keke. Kada kuma ya daɗe a farke, a wannan shekaru awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Da ya fara hamma, yana kau da kai, yana kallon wuri ɗaya, lokaci ya yi. Yaron da gajiya ta wuce masa iyaka ya fi zabura. Tunda shan nono ya kankama, za ki iya ba shi robar tsotso lokacin kwanciya, an ga tana rage hatsarin mutuwar fuju'a. Ba igiya, ba a shafa mata komai, in ta faɗi yana barci ba sai kin mayar ba, in ya ƙi ta ki ƙyale shi.

Ki fara gwajin da barcin farko na dare, shi ya fi nauyi. Daren farko za ki iya maimaitawa sau biyar ko shida.

Sabuwar Maijego ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayanin hanyar iska ya kwantar mini da hankali. Saura abu uku. An ba ni shawarar in kwantar da shi ta gefe in tokare bayansa da naɗaɗɗen tawul, ko in sa filo ƙarƙashin katifa ta wajen kai saboda tumbuɗin. Sannan in ya fara juyawa da kansa cikin dare fa? Kuma gaskiya ne rigingine na sa ƙeya ta baje?

Likitar Yara ta amsa:

'Yar'uwa, duka biyun kada ki yi. Kwanciyar gefe ba ta tsayawa, kuma daga gefe kifewa ta fi sauƙi. A farko an yarda da ita, amma tun 2005 likitocin yara na Amurka suka cire ta daga shawararsu. Tawul ɗin da aka tokare shi da shi kuwa, in yaro ya motsa fuskarsa ce za ta shige ciki.

Ɗaga katifa ma ba ya maganin tumbuɗi, sai dai ya jawo wata matsala. Kan jariri yana da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa. A kan gangare kan yana faɗowa gaba, haɓa ta haɗu da ƙirji, hanyar iska ta lanƙwashe kamar tiyon da aka taka. Ko kuma ya zame zuwa ƙasan gado ya dunƙule. Iyakar gangaren da aka sa ita ce digiri 10, kuma a 2022 Amurka ta kafa dokar hana sayar da shimfiɗun barcin jarirai masu gangaren da ya wuce haka. Dalili ɗaya ne ya sa in ya yi barci a kujerar mota ko lilo, da kun isa ake mayar da shi shimfiɗa miƙaƙƙiya. Tumbuɗin yaron da ke ƙiba, yake shan nono da daɗi, wanki ne kawai. Yakan fi yawa wajen wata 4, ya ragu in ya fara zama, galibi ya wuce kafin shekara.

Juyi kan fara tsakanin wata 4 da 6. In ta gefe ɗaya kawai ya iya, wato yana kifewa amma ba ya iya komawa, duk lokacin da kika gan shi a kife ki mayar da shi a hankali. In ya ƙware ta ɓangare biyu, daga baya zuwa ciki da daga ciki zuwa baya, ki bar shi yadda ya zaɓa, ba sai kin kwana kina juya shi ba. Sharaɗin dai katifa mai tauri, gado fayau, hannuwa a sake. Amma ke a rigingine za ki ci gaba da kwantar da shi har ya cika shekara ɗaya.

Abin da zai taimaka masa ya iya juyi da wuri shi ne wasan rub da ciki da rana, yana farke kina tare da shi. Ki shimfiɗa masa a ƙasa mai tauri, ki tattaro gwiwar hannunsa ƙarƙashin kafaɗa, ki kwanta fuskarki daidai tasa kina masa magana. Minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, ana ƙarawa. A shekarunsa jimilla ta kai minti 15 zuwa 30 a rana. Ba nan take bayan shan nono ba. In barci ya ɗauke shi a wurin, ki juya shi.

Bajewar ƙeya tana faruwa, domin ƙashin kan jariri da taushi, amma yawanci tana gyaruwa in ya fara zama da rarrafe. Yaro wajen haske ko wajen uwa yake juya kai, don haka yau ki sa kansa ta wannan ƙarshen gado, gobe ta wancan, ki kuma riƙa canja hannun da kike ɗaukarsa. Filon da ake cewa yana gyara kai kada ya shiga gadonsa. In kin lura gefe ɗaya kawai yake juya wuya, a duba shi, wataƙila jijiyar wuya ce ta ɗaure, kuma motsa jiki na gyara ta in an fara da wuri.

Ki kai shi asibiti ba jira in zafin jikinsa ya kai digiri 38 alhali bai cika wata 3 ba, ko numfashi ya tsaya daƙiƙa 20, ko leɓe ya canja launi, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa in yana jan numfashi, ko amai na fita da ƙarfi kamar an watsa, ko aman kore ne ko da jini, ko yana gantsarewa da kuka yana ƙin nono. Akwai 'yan tsirarun jarirai masu matsalar halittar muƙamuƙi ko hanyar iska da ake ba wa wata kwanciya dabam, amma wannan hukuncin likitan da ya duba yaron ne. Bakwainin da ake kifawa a asibiti ma na'ura ce ke lura da numfashinsa, kuma ana saba masa da rigingine kafin sallama.

Ungozoma ta ƙara da cewa:

Malam Ma'aikacin Jinya ya ce a riƙe shi minti 20 zuwa 30 bayan shan nono, daidai ne, amma ina so in ja kunne kan inda za a riƙe shi. Ke da kika kwana huɗu ba barci, ƙarfe uku na dare in kika zauna a kujerar kushin da yaro a ƙirji, gyangyaɗi zai sace ki. Nan ne wuri mafi hatsari a duk gidan: yaro kan zame ya maƙale tsakanin jikin babba da kushin. Ƙungiyar Lullaby Trust ta Birtaniya, mai wayar da kai kan barcin jarirai, ta ce barci da jariri a kan irin wannan kujera na iya ninka hatsarin har sau 50. In kin ji idonki na nauyi, ki kwantar da shi a gadonsa ko minti 20 ɗin ba su cika ba, tumbuɗi a zanen gado ba komai ba ne. In kuma kin san za ki iya yin barci kina shayarwa, gara ki shayar a kan gadonki bayan kin kawar da filo da bargo daga kusa da shi, da kin farka ki mayar da shi nasa. Kwana gado ɗaya da shi kuwa a guje shi gaba ɗaya in akwai mai shan taba a cikinku, ko wanda ya sha maganin da ke sa barci, ko in an haife shi bakwaini ko ƙasa da kilo biyu da rabi.

Ki roƙi maigida ko wata babba a gidan ta karɓe shi bayan shan nonon farkon dare, ki sami awa uku ko huɗu a jere. Shayarwar ma ki riƙe ta, ita kanta tana rage hatsarin, haka nan rigakafinsa a kan lokaci. Kada a ba shi kowane irin magani don ya yi barci.

Tufafi kuma, riga ɗaya a kan abin da ke kanki za ki ji daɗi da shi a ɗakin, in an naɗe shi a lissafa ƙyallen a matsayin ɗaya. Ba hula in yana barci a cikin ɗaki. Hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko lafiya lau yake, don haka bayan wuyansa ko ƙirjinsa za ki taɓa. In kin ji gumi ko zafi, ki cire riga ɗaya.